Kafin a sake aikawa a kira mai allura

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, da zarar hunturu ya kama, masu amosanin jini, wato sikila, sun san abin da ke tafe. Ƙashi ya fara sara, gida ya rikice, sai a tura yaro a kan babur ya ɗauko mai kemis da sirinjinsa. Aikina bayar da magani ne a asibiti, kuma ƙarshen wannan al'ada a gabana yake saukowa. Na ga saurayi ɗan shekara 20 wanda cinyoyinsa suka ƙage kamar icce, ga gyambo ya ƙi warkewa, saboda allurar pentazocine da aka yi ta ɗirka masa shekara da shekaru. Ciwon yana nan daram, an kuma ɗora masa jarabar allura a kai.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, in na ce wa iyali akwai dabarar da majiyyaci zai koya, ta zama cikin natsuwa yana lura da numfashinsa, sai a bushe da dariya: "Malam, ƙashi na sara kana zancen numfashi?" Mai dariyar nan shi ne zai sayo diclofenac kati-kati a riƙa haɗiya kullum, alhali yana cin ciki yana lahanta ƙoda, ga ƙodar mai sikila dama a bakin gaɓa take. A 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma wa ya zauna ya koya wa mai ciwo abin da zai yi da daren da barci ya ƙaurace masa?

Ƙwaƙwalwa ce ke karɓar saƙon zafi ta auna nauyinsa, tsoro kuwa ƙara masa nauyi yake yi: jiki ya ɗaure, numfashi ya gajarce, zuciya ta shiga lissafin mutuwa. A kan wannan ne Jon Kabat-Zinn ya kafa horon mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, domin masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ba zan yi muku daɗin baki ba, binciken da ya biyo baya ya nuna amfaninsa matsakaici ne. Ba ya kashe zafi, sai dai ya rage fargaba da ƙuncin da ke rakiyarsa. Gaskiya ne ya samo dabarar daga mabiya addinin Buda, amma abin da ake koyarwa a asibiti babu bauta a ciki.

Bayan sallar asuba, ki zauna a tabarma na minti 10, ki bi iska tana shiga tana fita. Hankali zai gudu wajen kuɗin taki ko na magani. Ki dawo da shi ba tare da faɗa ba. Sannan ki dubi zafin kansa: ina yake, sara ne ko zugi, yana tsaye ko yana motsi. A ranakun sauƙi ake koyo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma maigida, kada ka mai da wannan rubutu hujjar riƙe kuɗin mota. In ciwo ya tsananta, magani mai ƙarfi irin su morphine haƙƙin majiyyaci ne, a hannun likita. Folic acid, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, hydroxyurea ga wanda aka rubuta wa, da yawan shan ruwa, duk suna nan ba a fasa ba. In kuwa zazzaɓi ya sauko, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko ɓarin jiki ɗaya ya saki, a bar tabarmar nan a nemi mota zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne.