Allon "Hattara Da Kare" Ba Ya Sauke Wa Kowa Nauyi

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Jos ko Abuja a 'yan shekarun nan zai lura da wani ɗan allo da ke ta yawaita a jikin get. Jan rubutu ne da hoton kan kare ya wage baki, ana gargaɗin mai shiga ya yi hattara. Galibi da Turanci ake rubuta shi. Su kuwa waɗanda suka fi kowa tura ƙofar gidan mutane, almajiri mai neman ɗan saura, yarinya mai tallar gyaɗa, ɗan garuwa, da yaron maƙwabta da ƙwallonsa ta faɗa ciki, ba kowanne ne zai iya karanta shi ba. Maigida dai ya kafa allonsa, a ganinsa ya fita haƙƙin jama'a.

Bai fita ba, domin yawancin cizon da ake kai wa asibiti ba a bakin get yake farawa ba. Yana farawa ne a bayan gida, a irin riƙon da ake yi wa karen.

Bahaushe ya daɗe da sanin kare. Mafarauta na da nasu, Fulani makiyaya na da nasu, manomin da ke fama da birai a gona ma haka. Abin da ya sauya shi ne shigowar kare cikin gidajen birni, kuma kowa ya san dalili: fashi, haurar katanga, da garkuwa da mutane. Ba yau tsoro ya fara sa mai ilimi ajiye kare ba. Littattafan Malikiyya sun kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mawallafin Risala da ake karantawa a kowane zaure. Katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare don tsaro, aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Masu karnuka na son wannan labari ƙwarai. Sai dai addinin da ya yi rangwame saboda lalura, shi ne kuma ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Wannan ɓangaren ne ake yawan tsallakewa.

A leƙa bayan irin waɗannan gidaje. Keji ne na kwano, a lungun da ke tsakanin janareta da tankin ruwa, tsawonsa da kaɗan ya fi na karen. Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, kwanon ya ɗau zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Tsohuwar robar fenti da aka zuba wa ruwa tun safe ta kife. A gefe ga ƙanzon shinkafa da miyar jiya, ƙudaje sun rufe. Karen na kwance, harshe waje, gefen kunnuwansa duk gyambo saboda cizon ƙuda, kaska jere tsakanin yatsunsa. Ba zai ga waje ba sai sha ɗayan dare, lokacin da maigadi zai zare sakata ya ja da baya da sauri, don shi ma tsoronsa yake ji.

Da gangan ake yin wasu daga cikin waɗannan. An yi imani cewa yunwa da kaɗaici su ke sa kare zafi, kuma idan ya saba da mutane ya lalace. Wasu har barkono ko tabar wiwi suke zuba masa a abinci. Likitocin dabbobi da masana halayyar kare sun daɗe da nuna akasin haka. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 na rayuwar ɗan kwikwiyo ne yake koyon abin da zai ɗauka a matsayin na gida: muryar yara, ƙarar babur, mace cikin hijabi, tsoho da sanda. Wanda aka kulle a wannan lokaci ba jarumi yake zama ba, matsoraci yake zama, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da autan gida. Amfanin karen gadi yana cikin hancinsa da kunnensa da haushinsa, da kuma jin maganar mai shi idan ya ce bari. Karen da mai shi ba zai iya kiransa ya dawo ba, bai kamata a sake shi ko a tsakar gida ba.

A 2014, a unguwar Igando ta Legas, karnuka biyu na cikin gida suka far wa wani yaro ɗan shekara huɗu, ɗan masu haya a gidan, suka yaga masa fatar kai, sai da aka kai shi Indiya neman magani. Ba ɓarawo ba ne, ba kuma baƙo ba ne.

Sai kuma batun yayi. Karen gida, ja ko baƙi, mai siririn jiki, yanzu raina shi ake yi. Kowa na son Jaman Shefad da ake kira karen 'yan sanda, ko Rotwaila, ko Bowabul na Afirka ta Kudu, ko ma Kokeshiyan, wanda asalinsa tsaron tumaki ne a tsaunukan Kokesos masu ƙanƙara. A ɗauko mai irin wannan gashi a ajiye shi a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, ta haki yake sauke zafi. Idan aka ga hakin ya yi tsanani, yawu na dalala, dasashi ya yi jawur, yana tangaɗi, to zafi ya buge shi, kuma yana iya mutuwa cikin ɗan lokaci in ba a kai shi inuwa an jiƙa shi da ruwa an nemi likita ba. Alhali karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali, wanda ya tashi cikin wannan rana tamu, Turawa ne ke rububinsa, har babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019.

Abinci ma akwai gyara. Ragowar tuwo ba laifi ba ne, amma tuwo kaɗai ba ya riƙe kare, yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba miyarmu da su, suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa idan suka yi yawa. Cakulan da goro guba ne a gare shi. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Farasitamol da ibufurofen da ake ɓallo masa daga durowar gida suna taɓa hanta da ƙoda. Mafi muni shi ne wanka da fiya-fiya don kashe kaska, ko shafa baƙin mai a kan ƙazuwa: kaskar ta mutu, karen ya lashe jikinsa, da safe a tarar da shi yana karkarwa da kumfa a baki. Akwai magungunan kaska da na tsutsar ciki da aka yi domin kare, kuma asibitin dabbobi na gwamnati bai gagari kowa ba a manyan garuruwa.

'Yan kwikwiyo da yawa ba sa kai wata huɗu, saboda cutar da masu karnuka ke kira fabo, mai sa amai da gudawar jini. Allurarta ana fara ta ne daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ɗan kwikwiyon ya kai wajen mako 16. Mai sayarwa a bakin titi zai rantse an yi masa duka. A ce ya kawo kati mai hatimin likita.

Duk waɗannan asarar mai kare ce. Wadda ta shafi kowa ita ce ciwon haukan kare.

Ana ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan dukkan masu kamuwa, har zuwa kashi 99 cikin ɗari, daga kare suke ɗauka, kuma kimanin huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro gajere ne, cizon yakan same shi a fuska ko wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, inda ƙwayar cutar ke nufa ta cikin jijiyoyi. Sannan yaro kan ɓoye ɗan yaƙushi don gudun faɗa. Cutar takan yi shiru wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da zazzaɓi ya zo, mara lafiya ya fara firgita da ganin ruwa, sai a ce iska ce a nufi wajen mai ruƙiyya. A wannan mataki babu asibitin da ke da magani.

Amma kafin a kai nan, rigakafin yana aiki sosai, kuma tun 1885 ake da shi, lokacin da Louis Pasteur ya ceto wani yaro ɗan shekara tara a Faransa. Matakin farko a gida yake: a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 cur, da agogo. Kada a ɗaure, kada a zuba toka ko barkono, kada a ƙona gashin karen a shafa. Daga nan sai asibiti a ranar, ba kemis ba, domin allurar tetanas da ake yi a kemis ba ta da alaƙa da haukan kare. Allurar haukan kare jeri ce, ana yin ta ranar farko, sai bayan kwana uku, sai bayan kwana bakwai daga ta farko, da abin da likita ya ƙara, kuma ba a yanke ta a tsakiya. Karen da ya yi cizon, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jira sakamakon kafin a fara allura. Taron dangi da ake yi masa da duwatsu a jefar da gawar a bola yana ɓatar da shaida ne kawai. Ko an kashe shi, ma'aikatan dabbobi na iya tura kansa ɗakin gwaji.

A nan ne rashin adalcin ya fito fili. A 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kuɗin yi wa mutum ɗaya wannan magani a kan dala 108. Allurar kare kuwa, wadda ake fara yi yana wata uku a kuma sabunta duk shekara, ba ta kai kuɗin abincinsa na 'yan kwanaki ba. Mai kare ya ƙi kashe kaɗan, sai uban yarinya mai talla ya nemo mai yawa, ko ya rungumi ƙaddara. Wanda ya iya sayen ɗan kwikwiyo na dubban ɗaruruwan naira ba shi da uzurin rashin kati.

An kuma san hanyar kawar da cutar gaba ɗaya. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura a kai a kai, yaɗuwarta na tsinkewa. Meziko ta gwada: daga mutum 60 da suka kamu ta hanyar kare a 1990, ta kai babu ko ɗaya tun 2006, ta hanyar yi wa karnuka allura kyauta unguwa-unguwa, kuma a 2019 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da matsalar. Najeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka kuma tana gwajin cutar. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, suna yaye likitocin dabbobi duk shekara. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, daidai da burin duniya na ganin babu mai mutuwa da ita nan da 2030. Mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Har yanzu ana loda karnuka daga ƙauyukan Arewa da maƙwabtan ƙasashe zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, daga can a wuce da su Kudu, ba mai tambayar wanne aka yi wa allura.

Kafin gwamnati ta iso, unguwa na da abin yi. Makarantun allo da na boko su koya wa yara abu uku: ba a taɓa kare yana cin abinci ko karya tana shayarwa, ba a jifansa ko a tsokane shi ta ramin get, kuma idan ya taso ba a gudu, a tsaya cik, hannu a jiki, a kawar da ido. Samarin da ke yawo da manyan karnuka da yamma suna cuna wa mutane don raha, iyayensu su san cewa igiya da takunkumi ba ado ba ne. Mai unguwa ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka sauki baƙo, don haka ba zai gagare shi sanin gidajen da ke da kare ba. Ya rubuta su, ya nemi ganin katin kowanne sau ɗaya a shekara, ya kuma gayyato ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma su kafa tebur a ƙofar gidansa ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da cutar. Gidan da ya ƙi fito da karensa a ranar, a kai sunansa wurin hakimi.