Kuka Muka Koya Ko Yafiya? Ra'ayina Kan Fim Ɗin The Passion of the Christ

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa na cewa gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin wannan fim kafin in gan shi da idona, a wani daren Ista da aka haska mana shi da majigi a majami'armu. Har aka tashi mata suna ta sharɓar kuka. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani saurayi da ke zaune kusa da ni, wanda muna fita ya shiga tsine wa Yahudawa. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin me fim ɗin ya koya mana?

Ga wanda bai sani ba, Mel Gibson ne ya shirya fim ɗin, ya fito a Amurka a watan Fabrairun 2004, kuma Jim Caviezel ne ya fito a matsayin Yesu. A ƙasar Italiya aka ɗauke shi da kuɗi kimanin dala miliyan 30, ya kuma kawo sama da dala miliyan 600. Labarin ya ta'allaƙa ne kan awoyi 12 na ƙarshe kafin gicciye, kamar yadda mu Kirista muka yi imani. Na san 'yan'uwanmu Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma ba wannan muhawarar na zo tayarwa ba.

Abin da ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe shi ne, 'yan wasan sun yi magana ne da Aramayik da Latin da ɗan Ibrananci, mai kallo kuwa sai ya dogara da fassarar da ke ƙasan allo. To, akwai wata magana a Bisharar Matiyu 27:25, inda taron jama'a suka ɗora wa kansu da 'ya'yansu alhakin jinin Yesu. Shekaru aru-aru an fake da wannan aya ana gallaza wa Yahudawa a Turai, har Cocin Katolika ta fito a 1965, cikin takardar Nostra Aetate, ta ce ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan dukkan Yahudawa, na da ko na yanzu. Da ƙorafi ya yi yawa, sai Gibson ya cire fassarar maganar, amma ya bar ta a bakin 'yan wasa. Kun ga ashe fassara amana ce babba, domin layi guda na iya hura wutar gaba.

Wasu za su ce ai fim ɗin ya farkar da masu sanyin ibada, ya sa da yawa sun tuba. Ban musa ba. Ni ma jikina ya yi sanyi. Sai dai a duba yadda aka raba lokaci: bulala da jini sun cinye mafi yawan fim ɗin, koyarwar Yesu a kan ƙaunar maƙiyi sai ɗan tsakure, tashinsa daga matattu kuwa kamar ƙiftawar ido. Alhali ginshiƙin tarbiyyar Kirista shi ne wanda ake gicciyewa ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, kamar yadda Luka ya rubuta. Duk wanda ya fito daga kallo yana neman wanda zai tsine wa, ya yi tuya ya manta da albasa.

Don haka shawarata ga masu haska wannan fim a majami'u ita ce, kada a sallami jama'a da hawaye kawai. A zauna a tattauna, a buɗe Littafi Mai Tsarki a gwada da abin da aka gani, sannan a nisanta yara ƙanana da shi. Mu kuma masu shirin zama mafassara, mu riƙa auna kowace kalma kafin mu sake ta. Allah Ya sa mu gane, amin.