Wa ke jin shirun ɗalibanmu a ƙetare?

Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, lokacin da jami'o'in Turai da na Asiya ke buɗe sabon zango, filin jirgin saman Malam Aminu Kano yakan cika da 'yan rakiya. An cusa kuka da daddawa da yaji a lungun akwati, uba kuma yana ta nanata nasiha: ka riƙe salla, ka kula da abokan da za ka yi, kada ka manta inda ka fito. Nasiha ce mai kyau, ni ma ita zan yi wa nawa. Amma akwai abu ɗaya da ba ma gaya wa yaran nan, kuma a ganina ya fi sanyi da baƙon abinci cin su a can. Mun tarbiyyantar da su a kan haɗiye damuwa, tarbiyyar da ke da amfani a inda ake da masu lura da wanda ya yi shiru. Inda muke tura su, sau da yawa babu masu luran.

A unguwa, idan aka kwana biyu ba a ga mutum a sahun asuba ba, kafin hantsi wani ya yi sallama a ƙofar gidansa. Zai ce lafiya lau, kuma ba za a matsa masa ba. Mai tambayar ya riga ya ga fuskarsa, zai wuce wurin wansa ko kawunsa ya ce a duba wane. Da yamma sai ga kwanon tuwo, ko wani ya biya kuɗin magani bai faɗa ba. Mutum bai buɗe baki ya roƙa ba, an rufa masa asiri, mutuncinsa yana nan. Wannan tsari ne mai kyau ƙwarai, kuma wanda ya tashi a cikinsa bai ma san tsari ba ne, gani yake haka duniya take.

To, sai ya sauka a ɗakin kwanan ɗalibai a Ingila ko Jamus. Ɗaki nasa shi kaɗai, kicin na mutum shida, kowa da nasa gefen a firij. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma. Zai iya yin mako bai fito ba, babu wanda zai ƙwanƙwasa. Kada a ɗauka mugunta ce. A wurinsu girmama mutum shi ne kada ka shiga sha'aninsa sai ya gayyace ka, kuma wanda bai yi magana ba ana ɗauka ba shi da matsala. Taimako kuwa akwai shi: malamin da aka ɗora wa kula da karatunsa, ofishin walwalar ɗalibai, asusun tallafa wa wanda ya shiga ƙunci, da takardar uzuri da ake cikewa a ƙara wa mutum lokacin miƙa aiki idan rashin lafiya ko rasuwa ta same shi. Sai dai duk waɗannan ƙofofi daga waje ake ƙwanƙwasa su, galibi a rubuce, kuma kafin wa'adi ya wuce. Yaron da aka koya wa cewa kai kuka ga wanda ba naka ba zubar da girma ne, sai ya zauna yana jira a lura da shi har sakamako ya fito.

A aji ma haka. Farfesa mai furfura zai ce a kira shi da sunansa kai tsaye, harshen ɗalibinmu ya kasa. Zai sunkuyar da kai don ladabi, malamin ya ɗauka bai yi karatun ba ne, ko yana ɓoye wani abu. Ana ba da maki a kan ja-in-ja da abin da malami ya faɗa, shi kuwa tun daga makarantar allo har jami'a an nuna masa cewa ɗalibi nagari shi ne mai dawo da karatu yadda aka ba shi. Wasu ma a nan suke faɗawa tarko: su kwafo kalaman wani masani don girmamawa ba tare da nuna mai maganar yadda ƙa'ida ta tanada ba, a tuhume su da satar rubutu. Da sun tambaya a makon farko, da an nuna musu cikin minti goma.

Batun kuɗi shi ya fi tsanani, domin a nan shirun ya zama biyu. A tsakiyar 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ake saya a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,400 a farkon 2024. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda ya koma bai kai na rabin shekara ba. A watan Mayun 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Ingila, waɗanda aka dakatar da karatunsu saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka kuma umarci wasunsu su bar ƙasar. Dokar bizar ɗalibi a can ta taƙaita aiki ga awa ashirin a mako lokacin karatu, abin da da ƙyar yake biyan haya. Amma a gida hoton ɗalibin ake gani cikin rigar sanyi a gaban wani dogon gini, sai saƙonni su fara shigowa: kuɗin ragon suna, kuɗin makarantar ƙane, gudummawar biki. Ba zai iya cewa babu ba, domin za a ce ya je Turai ya canza. Ba zai iya gaya wa mahaifinsa cewa sau ɗaya yake cin abinci ba, domin ya san gonar da aka sayar. Ɗiya mace kuwa nata ya fi nauyi. Ta san akwai dangin da tun farko ba su so tafiyarta ba, kuma ƙorafi ɗaya ya isa a ce ta tattaro ta dawo. Don haka ita ce ta fi kowa iya cewa komai lafiya.

Mu ma a gida muna yi musu namu shirun, kuma wannan ne ya fi taɓa ni. Kaka ta rasu, ko uwa tana kwance a asibiti, sai manya su yanke shawara: kada a gaya masa, yana jarrabawa. Niyyar alheri ce, kuma a zamanin wasiƙa tana yiwuwa. Yau kuwa, kafin a dawo daga maƙabarta wani ɗan uwa ya ɗora hoton mamaciyar a WhatsApp ko Facebook da addu'a a ƙasa. Yaro yana zaune a ɗakin karatu zai gani. Ba shi da zaure da zai zauna a yi masa gaisuwa, babu tabarma, babu mai cewa ya haƙuri. Daga ranar kuma ya daina yarda da "lafiya lau" ɗin gida, kullum waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi. Na fi ganin alheri a ce babba ɗaya ya kira shi ya gaya masa da bakinsa, sannan a nemi wani na kusa da shi a can ya je ya zauna tare da shi.

Kada a ce wannan matsalar masu zuwa ƙasashen Turawa ce kaɗai. Wanda ya tafi Alƙahira ko Madina yana jin kiran salla, yana yin idi da jama'a, amma shi ma baƙo ne, kuma yakan ji kalaman raini a kan launin fatarsa da ba zai maimaita wa mahaifiyarsa ba. A Indiya, a watan Maris na 2017, gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida kusa da Delhi. Magabata sun fahimci buƙatar ɗalibi baƙo tun da daɗewa: a ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem sun kafa masauki da makaranta a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Sun san mai neman ilmi a nesa yana buƙatar gidan da za a san fuskarsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu suka maƙale a Khartum sannan a kan iyakar Masar, ƙungiyoyinsu na ɗalibai da wayoyinsu ne suka sa aka ji kukansu a gida kafin jirage su fara kwaso su a watan Mayu.

Wani zai ce so nake yara su yar da kunya su koma masu baki. Ko kusa. Kunya da kawaici suna cikin mafi kyawun abin da muke da shi, kuma mutanen can da kansu sukan yaba natsuwar yaranmu. Abin da nake nema shi ne a gaya wa mai tafiya, tun yana gida, cewa rubuta wa malami "ban gane ba" ko "an yi mini rasuwa" ba rashin tarbiyya ba ne a can, hanyar da aka tanada ke nan.

Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a ƙetare a 2012, ta kuma farfaɗo da shirin a 2023 da gurabe 1,001, akasari zuwa Indiya da Uganda. Ke nan akwai ɗaruruwan waɗanda suka je suka dawo, suna koyarwa a jami'o'inmu, suna aiki a asibitocinmu. Me zai hana duk jihar da za ta tura yara ta tara su mako guda da irin waɗannan, maza da nasu, mata da nasu, ba tare da manyan baƙi da jawabai ba, a faɗa musu gaskiyar zaman can? Sannan a riƙa biyan alawus a kan kari, domin mai gidan haya a can ba ya jiran a sa hannu a fayil.

Iyaye kuma su sauya tambaya. "Kana lafiya?" amsarta ɗaya ce. A tambaye shi me ya ci yau, da wa ya yi magana a makon nan, nawa ya rage a hannunsa, yaushe za a biya haya. A kuma ja kunnen dangi su ɗaga masa ƙafa da buƙatu har ya kammala. Haka nan akwai 'yan Nijar da Chadi da Kamaru a jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda suka yi karatunsu da Faransanci ko Larabci suka zo suna fama da Ingilishi. Da yawansu suna jin Hausa, shi ya sa muke mantawa cewa baƙi ne. Malamansu da abokan ajinsu su riƙa leƙa su.