Waiwaye: Da Fuskar Mai Masauki Baƙo Yake Shiga Ƙauyen Sin

A tsakiyar shekarar 1936 wani matashin ɗalibin ilmi Basine, Fei Xiaotong, ya sauka a ƙauyen Kaixiangong da ke kusa da tafkin Tai a lardin Jiangsu, da niyyar rubuta yadda manoman wurin suke rayuwa. Ɗan yankin ne, yana jin harshensu, amma abin da ya buɗe masa ƙofofin gidaje shi ne albarkacin yayarsa, Fei Dasheng, wadda ta yi shekaru tana koya wa mutanen ƙauyen sabuwar hanyar kiwon tsutsar siliki. Don ita aka ba shi wurin zama, don ita aka saki jiki da shi. Littafin da ya fito daga wannan zama an buga shi a Landan a 1939, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i. Daga baya Fei ya bayyana ƙauyen Sin da cewa al'umma ce ta waɗanda suka san juna tun daga kakanni, inda sanayya take tsayawa a madadin takarda da sa hannu.

To, idan ɗan ƙasa sai da ya shiga ta hannun wani, ina ga wanda ya taso daga Kano ko Damagaram?

Abubuwa da yawa sun sauya tun wancan zamani. A 1978 fiye da kashi 80 cikin 100 na Sinawa a karkara suke. A 2011 mazauna birane suka zarce na ƙauyuka a karon farko, kuma ƙidayar 2020 ta nuna saura mutum kusan miliyan 510 a karkara. An zuba wa hanyoyi siminti, mai sayar da ƙwai ma da waya ake biyansa. Sai dai majiya ƙarfi, kusan miliyan 300, sun tafi cin rani masana'antu da wuraren gine-gine, sun bar tsofaffi da jikoki a gida. Saboda haka wanda zai tarbi baƙo a ƙauye yawanci dattijo ne ko dattijuwa, wato mutanen da suka fi kowa riƙo da tsohuwar ƙa'ida.

Mutanenmu kuwa sun daina tsayawa a kasuwannin Guangzhou da Yiwu kaɗai. Ɗan kasuwar da ya daɗe yana hulɗa da mai masana'anta, wata rana zai ji an ce masa ya zo ƙauye bikin sabuwar shekara ko auren ɗa. Ɗalibi ma abokin karatunsa zai ja shi gida hutu. Wannan gayyata ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya kawo ka ya ɗora mutuncinsa a kanka, kuma duk abin da ka yi, mai kyau ko akasin haka, a kansa za a lissafa shi bayan ka hau jirgi.

Lissafin kuwa na gaske ne. A ƙofar gidan biki za ka tarar da tebur, da wani mai kyakkyawan rubutu riƙe da jan littafi. Kowa ya miƙa ambulan ɗinsa, a buɗe, a ƙirga, a rubuta sunansa da abin da ya kawo. Littafin yana nan a ajiye shekara da shekaru, ranar da biki ya zagayo gidan wancan sai a ɗauko a duba. Matanmu da suka san harkar biki da ramuwarsa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Don haka kada ka je hannu rabbana. Kwandon 'ya'yan itace, kwalin madara, ganyen shayi mai kyau, duk suna shiga. Abin da ya fito daga gida, kamar jakar fata ko hula ko rinannen zane, ya fi faranta rai. Kilishi dai a bar shi, domin kwastan ɗin Sin ba sa barin a shiga da nama. A guji agogo, don furucin ba da shi ya yi kama da na rakiyar gawa, a guji abu huɗu, don sunan lambar ya yi kusa da na mutuwa, kuma kada a naɗe kyauta da farar takarda, fari launin makoki ne. Da hannu biyu ake miƙawa. Mai gida zai ture, ya ce ai ba sai ka wahalar da kanka ba, sau biyu ko uku. Kada ka mayar da kayanka jaka, ci gaba da miƙawa har ya karɓa. Zai ajiye gefe bai buɗe ba, wannan ma ladabi ne, ba raini ba.

Wajen gaisuwa a fara da mafi tsufa. Ba a kiran babba da sunansa kai tsaye: sa'an kaka a ce masa yeye, tsohuwa nainai, sa'an uba shushu, sa'ar uwa ayi. Tsofaffi da yawa ba sa jin Sinancin makaranta sai karin harshen yankinsu, don haka manhajar fassara ta waya tana iya yin shiru, a nan fara'a da ɗan sunkuyar da kai suke aiki. Dokin ƙofa tsallake shi ake yi, ba a taka shi. A babban ɗakin tsakiya akwai tebur mai hotunan magabata da turaren tsinke. Ba wanda zai tilasta wa baƙo ya rusuna masa, amma kada ka ɗora jaka ko waya a kai. A arewacin ƙasar za a ce ka hau kang, gadon bulo da ake hura wuta ta ƙarƙashinsa, a nan ake hira, a nan ake cin abinci lokacin sanyi. Cire takalmi kafin ka hau.

Inda aka fi gwada baƙo shi ne wajen cin abinci, kuma sai an waiwayi tarihi ake gane dalili. Tsakanin 1959 da 1961 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Sin, akasarinsu a ƙauyuka. Tsohuwar da take cika maka kwano tana iya kasancewa yarinya ce a lokacin. Har yau gaisuwar da za ka fi ji ita ce, "Ka ci abinci?" Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babban baƙo ce, za a nuna maka ita, ka ɗan yi kawaici kafin ka zauna, kuma ka jira babba ya fara ɗaukar tsinkayen cin abincinsa. Mai gida da kansa zai riƙa tsamo yanka mafi kyau yana sa maka. In ka share kwano tas, ƙari za a yi, don haka wanda ya ƙoshi sai ya rage ɗan kaɗan. Kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, haka ake kafa turare ga mamaci.

Ga Musulmi kuwa akwai manyan duwatsu biyu a hanya, alade da giya. Sin ita kaɗai take cin kusan rabin naman aladen duniya, kuma a ƙauye ko ganye aka soya, da kitsensa ake soyawa a gidaje da yawa. Giyar baijiu, wadda ƙarfinta yakan haura kashi 50 cikin 100, da ita ake yi wa baƙo maraba. Ba wanda ya ce ka ci haram don kunya. Magana ita ce yaushe ka faɗa, kuma ta bakin wa. In ka bari sai an yanka, an dafa, maƙwabta sun taru, sannan ka janye hannu, ka kunyata gidan a gaban gari. In kuwa tun ranar da aka gayyace ka ka gaya wa abokinka cewa cin abincinka irin na 'yan ƙabilar Hui ne, an gama. Sinawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune da Musulmi, sun san kalmar qingzhen da ake rubutawa a ƙofar gidajen abincin halal. Za a nemo kifi da ƙwai da man gyaɗa, wani gidan har sabuwar tukunya yake saya. Ɗaga kofin shayi a madadin giya kuwa al'ada ce da su kansu suka sani. Ka dai sa bakin kofinka ƙasa da na babba idan za a haɗa.

A ƙauyukan ƙabilar Miao na lardin Guizhou, irin su Langde da Xijiang, tun daga bakin gari ake tare baƙo. Mata sanye da kayan azurfa suna waƙa, riƙe da ƙahon sa cike da giyar shinkafa, wani lokaci har tasha goma sha biyu kafin a kai ƙofa. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya taɓa ƙahon da hannu sai ya shanye. Wanda ba ya sha sai ya mayar da hannuwansa baya, ya sunkuyar da kai, ɗan jagora ya yi bayani, a wuce cikin raha. Wanda ya zo shi kaɗai, wa zai yi masa wannan bayani?

A ƙauyukan Hui na Ningxia da Linxia ta lardin Gansu kuwa, Bahaushe zai ji iska ta sauya. Hui sun haura miliyan 11, sallama ake yi, limami ana ce masa ahong. Za a kawo shayi a kofi mai murfi, da busassun 'ya'yan itace da riɗi da dunƙulen sukari a ciki. Ba a ajiye murfin gefe a hura, da shi ake kore ganyen a kurɓa ta gefensa. Soyayyiyar gurasar youxiang kuma gutsura ake yi da hannu kafin a kai baki. Amma ko a nan, 'yan'uwantaka ba ta ba ka izinin jan mai gida cikin zancen gwamnati da addini ba. Kai za ka tafi, shi zai zauna.

Baƙin mutum a ƙauyen da ba a taɓa ganin irinsa ba sai ya yi haƙuri da kallo. Yara za su biyo ka, a ɗaga waya a ɗauke ka hoto, wata tsohuwa ta shafa hannunka. Mafi yawa mamaki ne, in abin ya wuce gona da iri ka bar abokinka ya tsawatar. Kai ma kada ka ɗauki hoton tsofaffi ko kaburbura sai da izini. Akwai kuma doka: baƙon da ya kwana a gidan wani, ba otal ba, dole a yi masa rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24, in an yi sakaci har mai gidan abin yake shafa.

Ranar tafiya za a rako ka har bakin hanya, a cusa maka gyaɗa da ƙwai da busasshen barkono. Karɓi. Kada ka zaro kuɗi ka ce na abinci ne, wannan zagi ne. In kana son yin alheri, sa kuɗin a jan ambulan ka ba yara ko tsohuwar gida, kuma in ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma matambayi ba ya ɓata. Mai karatu, in an gayyace ka ƙauye a Sin, zauna da wanda ya gayyace ka tun kafin a hau mota. Tambaye shi wa za ka fara gaisarwa da abin da za ka riƙa, ka gaya masa abin da ba ka ci da abin da ba ka sha. Ka tsare addininka, ka tsare masa mutuncinsa, domin wani Bahaushen zai zo bayanka, kuma da halinka za a tarbe shi.