Idan Ɗanka Ya Ce Zai Goyi Jaka Ya Zaga Turai

A hutun da ya gabata, ɗana na fari, wanda ke karatu a birnin Budafest na ƙasar Hangari, ya bugo mini waya ya ce: "Baba, ni da abokaina biyu muna so mu zaga Biyana da Firag da Balin a jirgin ƙasa, kwana goma sha biyu, kowa da jakarsa a goye." Amsar da ta fara zuwa bakina ita ce a'a, amma na haɗiye ta, domin yaron da ke nesa da kai, idan ka hana shi abin da yake da ikon yi, ka koya masa ɓoye maka ne kawai.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, na lura cewa rabin tsoronmu a cikin kalma yake. A Hausa, idan aka ce wane ya shiga yawon duniya, zagi ne. Alhali kuwa kakanninmu matafiya ne, sun yi fatauci daga Kano har Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro, sun kuma taka da ƙafa zuwa Makka ta Sudan. Sai dai ba su taɓa sakin yaro haka nan ba. Ayari yana da madugu, kowane zango yana da mai masauki da zai tsaya wa baƙo. Mai jakar goyo na yau ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, saboda haka aikin iyaye, a ganina, shi ne su samar masa da madadinsu tun kafin ya ɗaga ƙafa.

Madugun zamani takarda ce. Na sa ya turo mini hoton fasfonsa da na izinin zamansa, ya kuma riƙe kwafi a wata aljihu daban da ta asalin. Izinin zaman ɗalibi a ƙasar da ke cikin yankin Shengen yana ba shi damar ziyartar sauran ƙasashen yankin har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, amma Ingila ba ta ciki, kuma ba kowane yaro ne ya san haka ba. Mun rubuta adireshi da lambar wayar ofishin jakadancin Nijeriya na kowane birni a takarda, da biro, domin waya tana mutuwa, ana kuma sace ta. Can ne zai nufa idan fasfo ya ɓata, a ba shi takardar tafiya ta gaggawa. Lambar neman agaji kuwa, 112, ɗaya ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai. Mai ganin wannan duk zaƙewa ce, ya tuna halin da ɗalibanmu suka shiga a Yukiren a watan Fabrairun 2022, da kuma kwanakin da wasu suka yi a kan iyakar Masar bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023.

Inshorar lafiya ba mu saba da ita ba, har wasu na ganin kamar kiran ciwo ne. To, Turawa ba sa ba da bizar Shengen sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000, wannan kaɗai ya isa ya nuna tsadar gadon asibiti a can. A bincika ko wadda yaro yake da ita tana aiki a wajen ƙasar da yake karatu. Kuɗi kuma a raba su gida biyu.

Inda na fi tsananta masa shi ne batun kaya. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan kunya da taimako, ta yadda babba zai ce "riƙe mini wannan" yaro ya kasa cewa a'a. A tashar jirgi wannan ladabi yana iya kai mutum kurkuku. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a watan Disambar 2018 ba, bisa zargin shigar da ƙwaya, wadda binciken hukumar NDLEA ya gano wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Ita ko karɓar saƙon ba ta yi ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Sai kuma abin da ya shafi fagena. Na ce ya haddace yadda ake cewa "taimako", "asibiti" da "ɗan sanda" da Jamusanci da harshen Cek, domin a lokacin ruɗewa ba kowa ke da Ingilishi a baki ba. Muka kuma zaɓi wata kalmar Hausa ta cikin gida, wadda ba za ta ja hankalin kowa ba. Idan ya sako ta a magana, yana cikin matsala kuma ba ya iya faɗa. Akwai wata ta biyu da zan nema idan aka kira ni da murya irin tasa ana neman kuɗi cikin gaggawa, tunda yanzu na'ura tana iya kwaikwayon muryar mutum.

Mun yi yarjejeniya zai turo saƙo kowane dare da sunan masaukin da ya kwana, kuma idan an kwana biyu shiru, zan fara kiran iyayen abokan tafiyarsa, waɗanda na riga na karɓi lambobinsu. Mahaifiyarsa ta so a riƙa bin sawunsa ta waya dare da rana. Ban goyi baya ba, domin wanda ya ji ana gadinsa kashe wayar zai yi.

Ya tafi da addu'armu, ya dawo ranar da ya ce, ba abin da ya rasa sai laima da ya manta a jirgi. Yanzu ƙanwarsa, wadda za ta shiga jami'a baɗi, ta fara tambaya ko ita ma za a bar ta idan lokacinta ya yi. Ni da mahaifiyarsu har yau ba mu daidaita a kan amsar ba.