Sharhi: Tiyatar gyaran fuska, a tambayi aikin kafin a biya kuɗin suna

Bidiyon da ake nuna wa mace a wayarta a birnin Paris ko Istanbul, na dattijuwar da aka ce an mayar da ita 'yar shekara talatin cikin awa guda, shi ne yake faɗowa wayar matashiya a Ɗan Isa da Gabi da cikin garin Madarumfa ta TikTok da Instagram da WhatsApp. Wani zai ce a gundumar da aka fi sanin asibitinta da jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, batun ɗame fuska hira ce ta masu hannu da shuni. Sai dai 'ya'yan yankin da ke zaune a Turai da Saudiyya da Legas da Abijan suna cikin waɗanda ake yi wa tayin tiyata mai rahusa a Turkiyya ko Tunisiya, haɗe da otal da motar ɗauka daga filin jirgi. Na gida kuma, waɗanda kuɗinsu bai kai can ba, ana kawo musu nasu kason a cikin kwalba da sirinji.

Abin da ake sayar wa ɓangarorin biyu kafin komai shi ne suna, kuma yawancin sunayen nan ba daga littattafan likitanci suka fito ba, daga ofishin talla suka fito.

Ita tiyatar kanta ba ta da rassa da yawa. A farkon ƙarni na 20 likitoci fata kawai suke yankewa a gaban kunne, su ja, su ɗinke. Fata kuwa tana miƙewa, don haka aikin ba ya daɗewa, fuskar kuma takan fito a ɗaure kamar ganga. A 1974 wani likita ɗan Suwidin, Tord Skoog, ya wallafa hanyar ɗago abin da ke ƙarƙashin fatar. A 1976 likitoci biyu a Faransa, Mitz da Peyronie, suka yi bayanin wata shimfiɗa ta tsoka da tantani da ke ƙarƙashin fatar fuska, wadda ake taƙaita sunanta da SMAS. Tun daga nan ingantacciyar tiyata ta koma kan wannan shimfiɗa: ko a naɗe ta a ɗinke, ko a rage ta a ja ta sama. A 1990 Sam Hamra na birnin Dallas a Amurka ya bayyana hanyar shiga ta ƙarƙashin shimfiɗar gaba ɗaya, a saki jijiyoyin da suka riƙe ta, a ɗago kumatu da fata tare. Ita ce ake yayatawa yanzu da sunan Deep Plane kamar jiya aka gano ta, alhali ta haura shekara 30.

Bambancin da ke tsakanin hanyoyin nan tambayoyi ne ƙalilan: ina za a yanka kuma tsawon nawa, wane zurfi wuƙa za ta kai, me za a yi wa shimfiɗar, za a taɓa wuya ko a'a, kuma da wace irin allurar barci ko kashe zafi. Duk likitan da ya san aikinsa zai iya zana amsar a takarda cikin minti biyar. Wanda aka tambaye shi ya ce sirrin asibitinsu ne, ko ya sake maimaita sunan da ke jikin allon talla, ya riga ya ba da dalilin tashi a bar masa ofishinsa.

Amurka, inda aka fi ƙware wa wannan ciniki, ta riga ta ga inda yake kaiwa. Kamfanin Lifestyle Lift ya buɗe rassa a jihohi da dama yana tallan gyaran fuska mai sauri da sauƙin warkewa. A 2009 ya amince ya biya dala 300,000 ga jihar New York, bayan ofishin babban lauyan jihar ya gano cewa ma'aikatan kamfanin ne ke shiga intanet suna rubuta yabo kamar su ne majinyatan da suka ji daɗin aikin. A 2015 kamfanin ya rufe ƙofofinsa. Duk mai karanta ruwan yabon da ke ƙarƙashin bidiyon wani asibiti a yau ya kamata ya san cewa an taɓa kama masu yin wannan da hannu dumu-dumu.

Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da kalmar ɗaga fuska alhali babu tiyata a cikinsu sam. Abin da ake kira Vampire Facelift, daga sunan dodon tatsuniyar Turawa mai shan jini, ɗibar jinin mutum ake yi, a tace wani sashe, a mayar masa a fuska. Sunan rajistaccen tambarin kasuwanci ne. A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da ƙwayar cutar HIV bayan an yi musu irin wannan aiki na jini a wani shagon kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe tun 2018. Ɗaga fuska da zare, wanda ake cewa a yi shi da rana a koma aiki, shi ma yana da tarihinsa: zaren Contour Threads ya samu izini a Amurka, aka yi ta yayinsa, sai ga shi an janye shi daga kasuwa a 2007. Zaren da ake amfani da shi yanzu narkewa yake yi a jiki, tasirinsa kuma ba ya kusantar na tiyata, wadda kan kai shekara goma. Botox kuwa sunan kamfani ne ga wani dafi da ake tacewa, yana kwantar da tsokar da ke tattare goshi na wata uku zuwa huɗu, ba ya ɗago fatar da ta saki. Allura ce, ba man shafawa ba. Kwalbar man da aka rubuta wa wannan suna a kasuwa ƙarya take ɗauke da ita tun daga murfi.

A nan ne batun ya iso Madarumfa kai tsaye. Hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa zuwa Maraɗi babbar hanyar kaya ce, kuma kayan kwalliya na cikin abin da ke bin ta ta kowane ɓangare. Mayukan da ake tallatawa da alƙawarin goge tamoji da ɗame fata sau da yawa 'yan gida ɗaya ne da man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a watan Fabrairun 2023. Bincike a ƙasashe da dama ya sha gano sinadarin haidirokwinon da makuri da magungunan sitiroyid masu ƙarfi a cikin irin waɗannan mayuka, wani lokaci ba tare da an rubuta a jiki ba. Sitiroyid yana sa fata ta yi laushi da sheƙi a makonnin farko, daga baya ya sirantar da ita har jijiyoyi su bayyana, rauni kuma ya ƙi warkewa. Matar da ta shekara biyar tana shafa shi, sannan ta tara kuɗi ta tafi a yanka mata fuska ba tare da ta faɗa wa likita ba, ta shiga ɗakin tiyata da fatar da ba lallai ta riƙe ɗinki ba.

Wani abin da tallan ba ya faɗa shi ne yawancin hotunan da ake nunawa na farar fata ne. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma, kuma yankan wannan tiyata a gaban kunne da bayansa yake. Duk wanda hujin kunne ko shasshawa ko tsaga ta taɓa bar masa irin wannan tabo dole ya faɗa tun kafin a sa rana. Taruwar jini a ƙarƙashin fata ita ce matsalar da ta fi yawa bayan aikin, hawan jini yana ƙara haɗarinta, shan taba yana iya kashe fatar da aka ɗago, kuma jijiyar da ke motsa fuska tana kwance ne daf da inda ake aikin. Wanda ya hau jirgi bayan kwana biyar ya dawo, idan ɗinki ya ruɓe, likitan da ya karɓi kuɗin yana wata nahiya, sai a kwaso shi zuwa asibitin Maraɗi ko Katsina, wurin likitocin da ba su san abin da aka yi masa a ciki ba. Ko kuɗi da matsayi ba su hana ba: Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a watan Oktoban 2005 bayan tiyatar rage kitse a wani asibiti a yankin Marbella na Sifaniya, daga baya kotun ƙasar ta samu likitan da laifin sakaci.

Ba tiyatar fuska ce abin zargi ba. A Sakkwato akwai asibitin cutar noma, mai cin leɓe da kumatun yara, da aka buɗe a 1999, inda ƙwararrun likitoci ke sake gina fuskokin da cutar ta lalata, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A can ba a raɗa wa aikin sunan yayi, ana rubuta abin da aka yi ne a fayil ɗin majinyaci. Hukuncin yin gyara don ado kaɗai kuwa fage ne na malamai, kuma mai niyya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da ya rage wa hukuma a bayyane yake. Ma'aikatar lafiya ta Nijar da jami'an duwan na Ɗan Isa su riƙa ɗaukar samfurin mayukan da ke shigowa ana gwadawa, a kuma sanar da sunayen waɗanda aka samu da guba ta gidajen rediyon Maraɗi da Hausa, yadda mai saye a kasuwar ƙauye zai gane kwalbar. A hana masu shagon kitso da lalle riƙe sirinji, domin allurar cike kumatu idan ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fata ko makantar da ido. Taurarin finafinai da na TikTok da ke karɓar kuɗi su ɗaga kwalba a gaban kyamara su ma a nemi su bayyana cewa talla suke yi. Ɗan ci-ranin da ya ƙudura tafiya kuma ya nemi cikakken sunan likitan da zai riƙe wuƙar, ya duba rajistarsa a hukumar likitocin ƙasar, ya karɓi bayanin aikin a rubuce, ya kuma san wanda zai duba ɗinkin a mako na biyu da na shida.