Jiragen Ceto Da Aikin Dare

Akwai wata gardama da ta daɗe a ƙasashen da ke bakin teku, watau ko ya kamata a bar jiragen soja masu saukar ungulu su fita ceton mutane da dare, ko kuwa a hana su sai gari ya waye. A ganinmu hanin yana da amfani muddin ba a gama shiri ba, amma bai kamata Gwamnati ta mai da shi wurin fakewa ba.

Mu ɗauki misalin Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Kafin Yuli, 1999, a filin jirgin sama na Waterford sojojin ƙasar suna da jirgin ceto samfurin Alouette, wanda ba ya aiki sai da rana. Ran 1 ga Yuli, 1999, aka kawo wani samfurin Dauphin, aka ce daga yau aiki dare da rana. A daren nan aka kira shi neman wani ƙaramin jirgin ruwa da ya ɓace. An sami jirgin ruwan, mutanensa suka tsira. Amma da masu ceto suka juyo gida sai suka tarar hazo ya rufe filin. Sau biyu suka gwada sauka, abin ya faskara. Suka nufi gaɓar Tramore, suka yi karo da tudun rairayi, duk su huɗu suka mutu.

Da aka bincika, sai aka ga babu ƙwararren mai kula da saukar jirage a filin a wannan lokaci, su kuma sojojin tun da safe suke bakin aiki. Ashe an ba da umurni a takarda, ba a tanadi abin da aikin dare ke bukata ba.

Waɗansu za su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. To, amma masunci da ya faɗa ruwan sanyi da magariba da wuya ya kai asuba. In an hana tashi har abada, shi aka yanke wa hukunci.

Kada kuma a zaci sauya ma'aikata ya wadatar. A 2004 sojojin saman Ayalan suka bar aikin ceto a hannun kamfani. Duk da haka, ran 14 ga Maris, 2017, wani jirgin ceto ya bugi tsibirin Blackrock cikin dare, mutum huɗu suka rasu. Tsibirin kuwa ba ya cikin taswirar na'urar da ke yi wa matuƙi gargaɗi.

Saboda haka duk hukumar da ta hana aikin dare, lalle ne ta faɗi ranar da za ta ɗage hanin. Kafin ranar ta tanadi fitilu da ma'aikata a fili, da matuƙa masu karɓar juna don su huta, da taswira ingantacciya. Ran da waɗannan suka samu, a bar jirage su tashi.